Zanen da Aka Ba Abokin Ango

Shekara huɗu muka yi ni da wani abokin aikina muna zaune a ofis ɗaya a jami'ar da ke Bron, bayan garin Lyon. Bature ne ɗan ƙasar Skotland, dogo mai jan gemu, kuma bincikenmu ɗaya, kan ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Teburinsa yana kallon nawa. Ni na koya masa shan shayi irin namu, zubi uku, ni na fara ba shi kilishi har yaji ya sa shi hawaye, kuma a bakina ya fara jin "ina kwana". Faransancinsa a lokacin duk a karye yake, ni kuwa tun ina lakkol, ƙaramar makaranta, a Damagaram nake sha, saboda haka duk takardar da zai kai wa hukuma sai ta bi ta hannuna. Mutanen labo, ɗakin bincikenmu, har cewa suke in ka ga ɗayanmu, ka dakata kaɗan za ka ga ɗayan.

Ina da wani aboki ɗan Maraɗi wanda jirgi ɗaya ya kawo mu Faransa. Shi ya riga ni gama karatu, ya samu aiki a Paris, ya je gida ya yi aure ya kawo matarsa, suka kama gida a Sevran, bayan garin Paris. Kafin ka ce me, mutumin da muke cin shinkafa da man gyaɗa tare ya ajiye tumbi. Wata rana ya kawo mini ziyara Lyon, na haɗa shi da Baturen nan muka ci abinci mu uku. Da hannuna na haɗa su, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Bayan haka aka tura Baturen Paris aikin wata shida. Na ba shi lambar ɗan Maraɗi, na ce in ya rasa wajen shan shayi ya neme shi. Baturen yana can mahaifinsa ya rasu. Ni a lokacin ina fama da babin ƙarshe na kundin digirina, ko wanka sai na tuna. Na rubuta masa doguwar ta'aziyya ta waya, na koma kan aikina. Ɗan Maraɗi kuwa hutu ya ɗauka a wurin aiki, ya raka shi har garinsu, aka yi jana'iza da shi, ya kwana uku yana wanke wa tsohuwar, uwar Baturen, kwanoni. Duk na san wannan. Sanin dai bai rage mini komai ba daga abin da ya biyo baya.

Wata safiya, bayan ya dawo Lyon da kusan shekara, Baturen ya shigo ofis yana ta murmushi, riƙe da wata doguwar jakar tufafi. Ya ce zai auri wata yarinya ƴar Lyon da suka daɗe tare. Na tashi na rungume shi, na yi masa barka da zuciya ɗaya. Sai ya ce ya roƙi ɗan Maraɗi ya zama babban abokin ango, ya kuma amsa. Murmushin bai bar fuskata ba, amma na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙeya.

"Na ji ka ce za ka Paris taro mako mai zuwa," in ji shi. "Don Allah ka kai masa wannan ya gwada. Na babana ne. Ina so ranar ya tsaya kusa da ni a cikinsa."

Ya buɗe jakar. Kilti ne, zanen nan da mazan ƙasarsu ke ɗaurawa ranar biki, mai tsayawa daidai gwiwa. Ulu ne mai nauyi, kore da shuɗi da siririn layi ja, kuma ya ce kowane dangi da irin zanensu, kamar yadda ake gane mutum da tsagar fuskarsa. Gaban a shimfiɗe yake, bayan kuwa ninki ne a jere, kowanne an danne shi da guga kamar bakin wuƙa. Akwai igiyoyin fata uku da ƙarafan da ake maƙala su, biyu a dama, ɗaya a hagu.

Na ce ba komai, zan kai.

Mahaifina tela ne. A gindin kekensa na girma a kasuwar Damagaram, tun ban iya karatu ba na iya zura zare a allura, kuma har yau in na ga tufa mai kyau sai na juya cikinta na ga yadda aka yi ɗinkin. Ranar Asabar da hantsi, a ɗakina, na ce bari in duba aikin kawai. Na shimfiɗa kiltin a kan gado na juya shi. Ɗinkin hannu ne tun daga sama har ƙasa, ƙanana, a jere kamar sawun tururuwa. Na daɗe ina shafa shi. Daga nan na rufe labule, ko da yake a hawa na biyar nake ba mai ganina sai tantabaru, na ɗaura shi.

Ya zauna mini kamar da awona aka yanka shi. Bakinsa ya tsaya saman cibiya, inda masu shi ke ɗaura shi, igiyoyin suka shiga ramin tsakiya ba ja ba saki, ninkin baya ya kwanta. Na juya a gaban madubi, ulun ya kaɗa ya dawo wurinsa. Marigayin ashe siriri ne irina. Na tsaya ina kallon kaina, ɗan tela da ƙafafu kamar sandar makiyayi, ina cewa a zuci: to wa ya fi cancanta? Har na gwada yadda zan tsaya in miƙa zobe. Na kai rabin awa a haka kafin kunya ta kama ni na tuɓe.

A jirgin ƙasa zuwa Paris ban yarda na ɗora jakar a sama ba. A cinyata ta yi tafiyar.

Na isa Sevran bayan azahar. Uwargidan ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Gidan ya cika da ƙamshin turaren wuta, ga kujeru masu laushi, ga hoton aurensu a bango. Ni da nake kwana a ɗakin da in na miƙe hannu sai in taɓa bango biyu, har kujerun ma sai da na yi kishinsu.

Da muka ci muka sha, mutumina ɗan Maraɗi ya shiga ɗaki da jakar. Muka ji shi yana nishi. Can ya fito riƙe da kiltin da hannu biyu a kan tumbinsa, igiyar da ƙarfenta kuwa tsakaninsu ya kai faɗin tafin hannu, sun ƙi gaisawa. Uwargida ta kife a kan kujera tana dariya.

"Ja cikinka," na ce masa.

"Ai a jaye yake, mutumina."

Ya dubi ƙasa, ya ga gwiwoyinsa a waje. Ya girgiza kai. Ya ce ko da ya rufu a nan, shi ba zai tsaya gaban jama'a gwiwa a buɗe ba. Daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce, riga za ta rufe sama, amma ƙasan fa? Sai ya sassauto da kiltin ƙasan tumbi, inda yake ɗaura wandonsa. Nan take tsawon ya sauka ya rufe gwiwa, igiyar sama ma ta kusa kamawa. Amma ta ƙasa ta matse masa kwatangwalo, ninkin baya ya buɗe baki kamar fuka-fukan kaza mai kwanci, gaban kuma ya karkace gefe guda.

"Malam, kai da ka tashi a gidan ɗinki," in ji uwargida, "ba abin da za a yi?"

Na zagaya shi sau biyu. Kallo ɗaya na yi na ga gyaran. A kwance ƙarafan a matsar da su, a ƙara wa igiyar ƙasa tsawo don ta bar matse shi, a sa masa igiyoyin kafaɗa a ƙarƙashin falmaran don kada nauyin ulun ya zame. Aikin yini ɗaya ne. Ina ganinsa a fili kamar an rubuta a allo.

Na ce, "Gaskiya da wuya. Ba a yi shi don a ɗaura a ƙasa ba. Kuma kayan marigayi ne, ba a so a taɓa. Gara ka faɗa masa tun da wuri, ya san yadda zai yi."

Ban ce ya nemi wani siriri ba. Amma abin da nake nufi ke nan, kuma na ji muryata tana faɗar ƙaryar nan lafiya lau, ba ko gargada. Mutumina ya zauna a hannun kujera, kiltin a cinyarsa, fuskarsa ta faɗi. Ya ce ya riga ya yi alkawari, kuma tsohuwar ma an faɗa mata. Na ji tausayinsa, na kuma ji daɗi, duka biyun a lokaci ɗaya.

Uwargida ce ta ƙi yarda. Ta ce akwai wani dattijo ɗan Tawa a unguwar Goutte d'Or ta Paris da ke yi mata ɗinki, ba tufar da ta taɓa gagararsa. Ta sa mijin ya kira ango a waya ya nemi izini. Ina zaune ina ji Baturen ya ce a yi duk abin da ya kamata, babansa ma sau biyu ana matsar masa da ƙarafan a rayuwarsa. Shi ke nan hujjata ɗaya ta tafi.

Washegari bayan taron da ya kawo ni, muka haɗu muka tafi. Shagon yana cikin wani lungu, tsakanin mai sayar da wayoyi da mahauci. Ƙarami ne, atamfa da shadda sun cika shi har rufi, kekuna biyu, rediyo na karatun Alƙur'ani a hankali. Dattijon yana da farin gemu da tabarau mai kauri, awo a rataye a wuyansa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi garuruwanmu, ya tsokani ɗan Maraɗi, ya tsokane ni, sannan ya ce a fito da kayan.

Ya ɗaga kiltin. Ya auna nauyinsa a hannu, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske.

"Wanda ya ɗinka wannan ya ji tsoron Allah," ya ce. "To ɗana, ina kake so ya zauna?"

Mutumina ya nuna ƙasan tumbi.

"To nan za mu auna, ba inda Bature ya auna ba. Tufa inda za ta zauna ake tambayarta. Tsaya yadda kake tsayawa kullum. Kar ka ja ciki, ranar bikin ba za ka yini kana ja ba, ga abinci."

Ya zagaya awon a ƙugunsa, ya sake zagayawa a mafi faɗin mazaunai, ya auna daga ƙugu zuwa ƙasan gwiwa. Ya ce a ɗaura. Ni ina gefe na naɗe hannu, na ƙudura ba zan sa baki ba. Amma da dattijon ya sunkuya yana neman allinsa, gefen gaban ya fara zamewa, sai kawai hannuna ya kai. Na kama bakin, na daidaita layin ja na sama da na ƙasa, na danne da babban yatsa daidai inda ƙarfen ya kamata ya koma, na miƙa ɗaya hannun ina jiran alli.

Dattijon ya ɗago ya dubi yatsana, ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ɗan wane tela ne?"

Na faɗa masa.

"To me ya kawo ku wurina? Ga shi ka sa yatsa a wurin tun ban sa alli ba. Ai ka san gyaran."

Ban dubi mutumina ba, amma na ji idonsa a gefen fuskata. Na ce wai na ji tsoron taɓa kayan mutane ne. Dattijon ya ce uhm, irin uhm ɗin da manya ke yi in sun gane amma ba su son tona ka.

Ya ce shi idonsa ya yi rauni, ɗinkin fata a kan ulu mai kauri kuma na hannu ne, keke ba ta yi. Ya jawo kujera, ya ba ni allura mai ƙarfi da zare mai kaki da ƙarfen yatsa, ya ce in zauna. Mutumina ya ce zai je masallaci ya dawo, ya fita.

Na zauna na warware ɗinkin ƙarafan a hankali. A ƙarƙashinsu na ga tsoffin ramukan allura, sahu biyu, inda aka taɓa matsar da su. Na matsar da na sama yatsu uku. Dattijon ya yanko mini fata daga wata tsohuwar ɗamara baƙa, muka ƙara wa igiyar ƙasa tsawo, ya ce a bar ta sakwa-sakwa, aikinta kawai ta riƙe gaban kada ya buɗe, in aka ja ta ita ce ke sa ninkin baya ya yi hamma. A ciki na ɗinka maɓallai shida na igiyoyin kafaɗa. Yana aikinsa yana leƙo nawa. Sau ɗaya ya ce in warware, tazarar ta yi faɗi. Na warware. Rabona da a ce mini in warware ɗinki tun ina ɗan shekara goma sha biyar.

Ina cikin ɗinkin ina jin haushi. Ga ni ina huda yatsuna don wani ya yi kyau a wurin da nake ganin nawa ne. Amma hannun bai san da haushin ba, aikinsa kawai yake yi, kuma ya yi shi da kyau.

Da la'asar mutumina ya dawo ya ɗaura. Kiltin ya zauna a ƙasan tumbi daram, gwiwa a rufe, gaban a miƙe, ninkin ya kwanta. Dattijon ya sa shi ya zauna, ya tashi, ya sunkuya, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Mahaucin maƙwabci ya leƙo ya yi tafi. Dattijon ya ce saura abu ɗaya, a nemo falmaran mai tsawo, in ba haka ba farar riga za ta leƙo tsakani kamar an yanka kankana.

A jirgin komawa Sevran mun wuce tasha uku. Sannan mutumina ya ce, yana kallon taga:

"Tun jiya ka san gyaran."

"Na sani."

"Kai ka so ya zaɓa."

Na ce shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne. Na ce ni na san shi tun bai iya sayen burodi da Faransanci ba. Na faɗi abubuwa da yawa, har da waɗanda ba su da alaƙa da bikin, har da aikinsa da gidansa, wata tsohuwa a kujerar gaba tana waiwayenmu. Ya bar ni na gama.

"Wallahi da ya tambaye ni na ce masa kai ne ya kamata," in ji shi. "Ya ce ya riga ya yanke. Me zan ce? In ƙi?"

Wannan maganar ta fi komai ƙona ni. Ashe har an kawo sunana an ajiye. Da bai faɗa ba da ya fi mini. Ya ga haka a fuskata, ya dafa gwiwata. Da muka sauka ya ce uwargida ba za ta ji komai daga bakinsa ba, kuma na tabbata bai faɗa ba, don har yau ni ne gwanin tela a wurinta.

An ɗaura auren a Lyon farkon bazara, a ofishin magajin gari, aka wuce wani gidan gona a bayan gari don walima. Ni ina sahu na huɗu cikin kwat ɗina ta ranar kare kundin digiri, wadda hannunta ya ɗan gaje. Mutumina yana gaba kusa da ango, falmaran baƙa, safa fara har gwiwa, jakar fata a rataye a gabansa. Ya yi kyau, ba yadda zan ce. Tsohuwar, uwar ango, da ta gan shi cikin kayan mijinta sai ta kama fuskarsa da hannu biyu tana kuka. Na kawar da kai na shiga karanta takardar tsarin biki kamar za a yi mini jarrabawa a kanta.

Wajen walima wani kawun ango, tsoho mai jar fuska, ya zo ya zagaya mutumina yana gunaguni da Ingilishi. Aka fassara mana cewa wai an ɗaura shi ƙasa da yawa, a garinsu da an yi masa dariya. Sannan ya sunkuya ya duba igiyoyin, ya ja ɗaya, ya tambayi wa ya yi aikin. Mutumina ya nuna ni daga nesa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Tsohon ya zo ya girgiza mini hannu har kafaɗata ta amsa. Ango ma ya zo ya rungume ni, ya ce bai san na iya ɗinki ba. Shekara huɗu, bai sani ba. Na ce a raina ni ma ban taɓa faɗa masa ba, amma duk da haka na ƙara wannan a cikin laifuffukansa.

Mutumina ya yi jawabin abokin ango, rabi Faransanci rabi Ingilishin da ya haddace, mutane suna ta dariya. Na yi niyyar ba zan yi ba, amma da ya kwaikwayi yadda ango ke cin tuwo da cokali mai yatsu sai da ta kuɓuce mini.

Da lokacin la'asar ya yi mutumina ya zo ya taɓa kafaɗata. Muka yi alwala, muka sami wani ɗaki da aka tara rigunan baƙi, muka shimfiɗa mayafin tebur mai tsabta. Na matsa baya don ya ja mu, shi ne babba da wata bakwai kuma kullum shi ke ja.

"A'a, yau kai ne liman," ya ce. "Akwai wando a ciki, amma ban yarda in yi ruku'u a gabanka da wannan abin ba."

Na shiga gaba. Sai da na yi kabbara sau biyu, ta farkon dariya ta ɓata ta. Muna sallamewa aka buɗe ƙofa, wata ƴar'uwar amarya ta ce ana neman abokin ango za a ɗauki hoton dangi. Ya miƙe da sauri ya bi ta. Ni na tsaya na naɗe mayafin teburin, na mayar da shi inda muka ɗauko.